Fankar Kuogas Da Ranar Da Iska Ta Ƙi Zuwa

Ni ce Moturuona, mai gidan burodin Kuogas, ƙanwar Okhonoon mai wuta. Duk wanda ya kunna fitila a garinmu cikin shekara talatin da ɗaya, da hannun yayana a ciki. Shi ke kula da injinan dizal guda uku da ke cikin wata doguwar rumfar kwano a bayan gidan burodina, kusa ƙwarai, har idan ɗaya ya yi tari nakan ji a tafin ƙafata tun kafin fitila ta lumshe. Injinan sun girmi rabin mutanen garin. Bai raɗa musu suna ba, Na Ɗaya, Na Biyu da Na Uku kawai yake ce musu, amma ya san halin kowanne fiye da yadda ya san halin surukansa. Man da suke sha sau ɗaya yake zuwa a shekara, idan kogi ya daskare har ya iya ɗaukar tankoki. Tanka goma sha ɗaya ke kai mu shekara, idan ba a yi almubazzaranci ba.

Labarin fanka mai samar da wuta da iska ya zo mana ne a bakin Gavril Prokopyevich, mataimakin shugaban gunduma, mutumin da bai taɓa kwana a Kuogas ba amma ya san duk abin da ke damunmu. Ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu cikin watan Oktoba da takalmin ofis a ƙafarsa, ya tara mu a ɗakin taro, ya tsaya kusa da bututun ɗumama ɗaki yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya.

"Jama'ar Kuogas," ya ce, "nan da shekara biyu za ku manta warin dizal. Iskar nan da ke kaɗa muku kunne a banza, ita za ta riƙa kunna muku fitila."

Muka tafa, domin tafi yana ɗumama hannu.

A gefensa akwai injiniyar kamfanin da aka ba aikin, Nariya Egorovna, 'yar birnin Yakutsk, siririya, ba ta fi shekara talatin da biyu ba. Ita mun riga mun san ta. Wata guda ke nan tana garin tana kafa sandunan awon iska, kuma a ɗakin baƙina take zaune. Ba ta da yawan magana, kuma ita ce baƙuwa ta farko daga birni da na ga ta cinye kifin daskare ba tare da ta tambayi ko an dafa ba.

Okhonoon ya ɗaga hannu daga layin baya.

"A ina za a kafa ta?"

"A kan tudun nan na kusa da inda jirgi ke sauka," in ji Gavril.

"Can? Ai can nake zuwa idan ashana ɗaya ta rage mini ina son kunna taba. Iska tana bakin kogi, inda ko kare ba ya yarda ya tsuguna."

Aka yi dariya. Gavril ya yi murmushin da manya ke yi wa wanda suke shirin mantawa da shi.

"Spiridonovich," ya ce, domin haka manya ke kiran yayana, da sunan mahaifinmu, "kai gwani ne a harkar mai, kowa ya sani. Harkar iska kuwa sai a bar wa masu ilimin abin. Nariya Egorovna, yi masa bayani."

Nariya ta duƙar da kai kan takardunta.

"Awon da na yi ya nuna iskar bakin kogi ta ninka ta tudun sau biyu," ta ce.

Gavril ya juyo ya kalle ta kamar kujerar da yake kai ce ta yi magana.

"Sai dai bakin kogi kilomita huɗu ne daga nan," ta ƙara da sauri, "sai an ja waya, an kafa turaku."

"Yauwa," in ji Gavril. "Kuma wa zai gan ta a can? Kifi?"

Da wannan aka rufe taro.

Kayan suka iso a kan tireloli cikin watan Maris, ta kan ƙanƙarar kogi. Fukafukai biyu suka zo tare. Na ukun ya biyo baya da mako uku, domin direban ya wuce da shi wani gari, kuma mutanen can sun so su riƙe shi su yi rufin rumfar kwale-kwale. Duk bazara ana dukan turaku cikin daskararriyar ƙasa, kwanukan da ke kan kantata suna rawa. Zuwa Satumba fanka ta miƙe, fara sol, doguwa fiye da duk abin da aka taɓa ginawa a Kuogas. Gaskiya tana da kyau. Tana juyawa kuma, lokacin da ta ga dama, kamar ma'aikacin da ya san ba mai iya korarsa. Nariya ta ce idan aka haɗa ranakun da ta yi aiki da waɗanda ta huta, tana ba mu kashi ɗaya cikin goma na wutar da muke sha. Okhonoon ya ce to madalla, ko ba komai hankaki sun samu wurin zama.

Ba a yi bikin buɗewa ba sai Afrilun da ya biyo baya, domin babban baƙon da zai buɗe ta ba ya tafiya a watannin duhu, lokacin da rana ba ta cika fitowa ba. Afrilu kuwa kowa ya san halinsa a wurinmu. Rana takan fito tas, ƙanƙara tana ƙyalli har ta kashe ido, sanyi yana wajen digiri talatin ƙasa da sifili, iska kuma takan ɗauke kamar an rufe mata ƙofa. Kwana huɗu kafin biki fanka ta tsaya cak. Fiffike ɗaya yana nuna sama, biyu suna nuna ƙasa, ba ta ko motsi.

Ana nan kuma Na Uku yana kwance a wargaje tun Fabrairu, yana jiran zoben fistan. Okhonoon ya rubuta takarda sau uku. An ce masa ya kwantar da hankali, za su zo a jirgin da zai kawo kayan biki. Jirgin ya zo ana gobe biki. Ya sauke tutoci, da lasifika, da jan ƙyallen da za a yanka, da wani koren madanni mai faɗin faranti, da Gavril Prokopyevich. Wannan karon ya sa takalmin sanyi na fata mai gashi, an ci gaba.

Ya tsaya ya daɗe yana kallon fanka, hannu a ƙugu. Daga nan ya kira Nariya da Okhonoon zuwa gidan burodina, domin nan ne ya fi ko'ina ɗumi, kuma ana samun shayi ba tare da an roƙa ba.

"Me ya same ta?" ya tambaya.

"Babu iska," in ji Nariya.

"Na ga babu iska. Yaushe za a samu?"

"Masu hasashe sun ce ranar Asabar."

"Biki gobe Laraba."

"A gaya wa iskar mana," in ji Okhonoon yana hura shayinsa. "Wataƙila ba a aika mata katin gayyata ba."

Gavril bai kula shi ba. Ya ce mutum ya taso tun daga babban birni da 'yan talabijin, ba zai zo ya danna madanni ya tsaya yana kallon ƙarfe a tsaye ba. Ya tambaya ko za a iya samun maza ƙarfafa su hau su tura ta. Nariya ta gaya masa nauyin fiffike ɗaya. Ya tambaya ko za a ɗaura igiya a ja da tarakta. Ta ce a'a. Ya yi ta kawo dabaru, tana ta ce masa a'a, har ta gaji, ta ce:

"Ba yadda za a yi ta juya sai dai in an ba ta wuta. Injin da ke cikinta, idan ka tura masa wuta maimakon ka karɓa, juyawa zai yi kamar fankar ɗaki."

Na ga ta so ta kama maganar ta maida ita baki, amma ina, ta riga ta fita. Fuskar Gavril ta washe.

"Ka ji masu ilimi! To me muke jira?"

"Wutar daga ina?" in ji Okhonoon.

"Daga injinanka mana."

"Wato in ƙona dizal in juya fankar da aka kawo don a daina ƙona dizal."

"Na minti goma sha biyar kacal, Spiridonovich. Ƙarfe goma sha biyu daidai."

Okhonoon ya ajiye kofi. Ya ce injin biyu gare shi, kuma da ƙyar suke ɗauke da garin a wannan sanyi. Tayar da fukafukai masu wannan nauyi ba wasa ba ne, sai an yanke wa wasu wuta.

"Asibiti ba zan taɓa ba," ya ce. "Gidan ɗumama gari ba zan taɓa ba. Famfunan nan masu tura ruwan zafi gidaje su tsaya rabin sa'a, bututu ya daskare ya fashe, sai ku dawo ku yi bikin buɗe bututu."

"Sauran fa?"

"Gidaje, makaranta, kanti."

"Ai shi ke nan. Kowa yana wurin biki. Wa zai zauna a gida ranar farin ciki?"

"Ni fa?" na ce daga bayan kanta. "Kai da bakinka ka ce in gasa burodi ɗari da hamsin, a kawo shi da zafinsa domin babban baƙo ba ya cin mai sanyi."

"Moturuona Spiridonovna, ki gama kafin sha biyu. Ai ke gwana ce."

Kowa gwani ne a wurin Gavril idan yana son abu.

Okhonoon ya yarda, bisa sharaɗin zoben fistan su zo cikin mako biyu. Gavril ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Da suka fita na tare yayana a bakin ƙofa.

"Yaya, da tsufanka za ka shiga wasan kwaikwayo?"

"In na ƙi, zai nemo wani cikin 'yan kamfani ya yi," ya ce. "Wanda bai san Na Biyu yana da ciwon zafi ba. Gara in yi ƙaryar da hannuna, na san inda zan tsaya."

Nariya kuwa ba ta ci abincin yamma ba. Ta zauna tana jujjuya cokali, ta ce shekara biyar ta yi a jami'a tana koyon yadda ake ciro wuta daga iska, ga shi aikinta na farko babba shi ne ta ciro iska daga wuta.

Washegari na lissafa komai daidai. Kwaɓi ya tashi, na sa a tanderu ƙarfe goma da kwata, don in fitar kafin sha ɗaya da rabi. Ko minti goma sha biyar bai yi a ciki ba na ji ƙugin jirgi. Ashe babban baƙo yana da wani abin buɗewa a wani gari da rana, sai aka matso da namu gaba, kuma an sanar da kowa ban da mutanen Kuogas. Ina tsaye ina kallon agogo fitilar tanderu ta mutu. Okhonoon ya fara yanke layi tun kafin baƙi su gama saukowa.

Na faɗi wasu kalmomi da mahaifiyarmu ba ta koya mini ba, na zura riga a kan ƙyallen aikina, na nufi tudu. In dai an kashe mini burodi, ai sai in ga abin da aka kashe shi dominsa.

Garin duka yana can. An jera tutoci, kowace ta langaɓe a jikin sandarta kamar wanki. Wani dattijo cikin farar riga ya hura wuta ya ciyar da ita waina da man shanu kamar yadda aka saba, ya roƙa mana albarka. Hayaƙinsa ya tashi sama a miƙe. Babban baƙon mutum ne mai furfura, gajere, da idanun wanda ya ga bukukuwa da yawa. Ya yanka ƙyalle, aka kai shi gaban teburi inda aka kafa koren madannin. Wayar madannin ta bi ta ƙarƙashin mayafin teburi, kuma a nan ta ƙare. Na sani, domin teburin nawa ne, mayafin ma nawa ne.

Ya ɗora tafin hannu ya danna. Nariya, wadda ta ɓuya a bayan masu rawa, ta raɗa wa Okhonoon kalma ɗaya ta oba-oba.

Daga can ƙasa rumfar injina ta yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. Baƙin hayaƙi ya turnuƙo daga bututunta, ya miƙe sama sambal kamar an kafa turke. Sai fukafukan suka motsa. A hankali da farko, kamar tsoho zai tashi daga tabarma, sannan suka ɗauki gudu. Aka ɓarke da tafi. Mai ɗaukar hoto ya durƙusa a ƙanƙara yana ɗaukar ta daga ƙasa.

A layin gaba an zaunar da tsohuwa Ogdo a kan kujera, saboda ita ce mafi tsufa a garin kuma tana kyau a hoto. Ogdo ta kurmance shekara goma da suka wuce, don haka duk abin da ta faɗa sai an ji shi a ƙetaren kogi.

"Ikon Allah!" ta ce. "Fanka na gudu, hayaƙi na tsaye! Wace irin iska ce wannan mai zaɓen abin da za ta kaɗa?"

Masu rawa suka ƙara ƙarfin waƙa. Jikarta ta cusa mata alewa a baki.

Babban baƙo ya yi jawabi gajere, ya miƙa wa Gavril lasifika. Gavril ya zaro takardu daga aljihu, na ƙirga shafi shida. Yana farawa, baƙon ya ce wa na kusa da shi yana so ya je ya yi ban kwana da tsoffin injinan da suka yi wa garin hidima. Ya hana kowa binsa, ya gangara shi kaɗai. Ni na bi shi, ba don girmamawa ba, sai don ina da magana da yayana a kan burodi.

Cikin rumfar kamar cikin tanderuna a ranar da yake da wuta. Okhonoon ya tuɓe daga shi sai singileti, gumi yana zuba, hannu ɗaya a kan makunni, ido a kan allurar zafin Na Biyu, wadda ta riga ta shiga ja. Ƙasa tana girgiza. Baƙon ya tsaya a gefensa, ya kalli allurar, ya kalli wayar da ta nufi tudu. Ya matso ya yi ihu a kunnensa:

"Minti nawa ya rage maka, dattijo?"

Okhonoon ya kalle shi sama da ƙasa.

"Bakwai. In an yi sa'a."

Baƙon ya gyaɗa kai.

"Makon jiya na buɗe famfon ruwa a wani gari," ya ce. "Mutum biyu ne a bayan bango da bokiti. Naka ya fi tsari."

Ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya juya ya fita. Ni har na manta da abin da ya kawo ni. Na bi bayansa zuwa tudu, na ga ya matsa ya raɗa wa Gavril wani abu. Gavril ya gyaɗa kai, ya ce a lasifika, "A taƙaice," ya juya shafi na uku. Ya sake cewa "a taƙaice" a shafi na huɗu. Okhonoon ya ba shi minti tara, biyu daga ciki kyauta, sannan ya yanke.

Gurnanin ya mutu. Hayaƙi ya sirance. Gavril ya ba fanka baya, don haka bai ga komai ba, yana ta bayani a kan makoma da 'ya'yanmu da jikokinmu, fukafukai kuwa suna rage gudu a saman kansa, har suka tsaya. Mutum ɗari uku suna kallon sama, shi yana kallon takarda. Mai ɗaukar hoto, wanda shi ma ba yau ya fara ba, tuni ya juya na'urarsa wajen masu rawa.

A wurin walima aka kawo burodina. Wajensa ya yi ɓawo, cikinsa kuwa da za ka jefa wa bango sai ya manne. Babban baƙo ya gutsura, ya tauna, ya ci gaba da taunawa.

"Irin na mutanen arewa ne," in ji Gavril da sauri. "Haka suke son sa. Na gargajiya ne, ko ba haka ba, Moturuona Spiridonovna?"

"Na gargajiya ne," na ce. "Tun ƙarfe goma da rabi na safiyar yau muke yin sa haka."

Baƙon ya haɗiye da taimakon shayi, ya ce bai taɓa cin irinsa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Sauran ɗari da arba'in da tara karnukan garin suka ci, wasu ma sun ƙi.

Bayan kwana biyu muka ga kanmu a talabijin. Fanka tana gudu, Ogdo tana murmushi da alewa a kumatu, mai karanta labarai yana cewa yanzu kusan rabin wutar Kuogas daga iska take fitowa. Muka yi wa juna murna, domin ba mu sani ba sai da aka faɗa mana. Zoben fistan suka iso cikin wata biyu, sababbi fil, a kwali mai kyau, na wani irin inji daban da ba mu da shi. Okhonoon ya nemo na gaskiya ta hannun wani direban tanka da suka yi aikin soja tare.

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi ta ba da shi labarin ban dariya a wurin shan shayi. Amma ashe a ofis ma ana kallon talabijin. A watan Agusta takarda ta zo cewa tunda iska ta ɗauke wa Kuogas kusan rabin nauyi, tanka bakwai za a aiko idan kogi ya sake daskarewa maimakon goma sha ɗaya. Okhonoon ya karanta ta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Tanka bakwai na nufin a tsakiyar Disambar baɗi, lokacin da sanyi ke kai hamsin ƙasa da sifili, injina za su yi shiru, famfunan ɗumama su bi su. Ranar ban ji ya yi wa kowa ba'a ba.

Nariya ce ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Ta zauna a teburin girkina kwana uku tana rubutu. Ta sa awon iska na kowace rana, da abin da fanka ta bayar na gaskiya, da abin da aka yi ranar biki, da sunanta a matsayin wadda ta kawo dabarar. Na ce mata ta cire wannan na ƙarshen, ta ce ai shi ne ya fi zama gaskiya a ciki. Ta aika wa shugaban kamfaninsu, ta aika wa na sama da shi, ta aika wa ofishin babban baƙo.

Sai aka kafa kwamiti. Mutum huɗu suka zo a Nuwamba, suka kwana biyu, suka ci kifi, suka kalli fanka daga tagar ɗakin taro domin a waje akwai sanyi. Rahotonsu ya ce wurin da aka kafa ta daidai ne, na'urar daidai ce, iskar ma daidai ce, matsalar ita ce rashin kulawar ma'aikatan gari. Ma'aikatan gari kuwa, idan aka cire masu gadi da masu aikin karɓa-karɓa, mutum ɗaya ne.

Ambulan ɗin ya iso wa Okhonoon ana saura mako guda sabuwar shekara. Takarda biyu ne a ciki. Ɗaya ta gargaɗi ce saboda sakaci da kayan gwamnati. Ɗayar ta yabo ce mai zanen zinariya a gefe, saboda gudummawarsa wajen nasarar bikin buɗe fanka, wadda ta maƙale a wani ofis tun Afrilu. Hannu ɗaya ne ya sa wa duka biyun. Wani mai tattali ne ya ga ba dalilin ɓata ambulan biyu. Yayana ya jera su a kan kantata, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in ba shi biro da farar takarda. A nan ya rubuta ta ajiye aiki, da fulawa a gefenta.

Ita ma Nariya kamfani ya gode mata, ya ce ba ya bukatarta. Gavril Prokopyevich kuwa an ɗauke shi zuwa babban birni, an ba shi kula da harkar sabbin hanyoyin samar da wuta na yankin gaba ɗaya, tunda ya nuna ƙwarewa.

Tankoki suka zo a Fabrairu, bakwai cif. Muka ƙirga su daga bakin kogi, muka sake ƙirgawa ko ɗaya ta ɓuya a bayan wata. Mutane suka fara tara itacen da kogi ke kawowa, wasu suka fara maganar tura tsofaffi wurin dangi a birni kafin hunturu. Sai a makon ƙarshe na hanyar ƙanƙara, lokacin da ruwa ya fara kwanciya a kan ƙanƙara har yana kai wa cibiyar taya, muka hango fitilun mota. Tanka huɗu ne, direbobin sun buɗe ƙofofinsu suna tuƙi da ƙafa ɗaya a waje, don su dira idan ƙanƙara ta buɗe. Ba takarda, ba jawabi, ba tuta. Na tambayi na gaba wa ya aiko su.

"An ce daga sama," ya ce. "Inna, akwai shayi?"

Har yau ba wanda ya ce shi ne ya aiko su. Ofis ba zai iya cewa ya aiko ba, domin a takarda ba ma bukatarsu.

Gurbin Okhonoon ya yi wata uku a manne a allon gunduma ba wanda ya nema. Masu takardar ilimi ba sa son zama inda ake fita waje da gatari don ɗebo ruwa, masu son zaman kuma ba su da takarda. A ƙarshe mutum ɗaya ya nema, Nariya Egorovna. An ba ta saboda ba yadda za a yi. Ta dawo ɗakin baƙina da akwati biyu da tulin littattafai. Ta yi ta gyare-gyare a cikin fanka har ta kai ta tana ba da kashi ɗaya cikin bakwai, abin da ba wanda ya zo ya ɗauka a hoto. Sauran shida tana samo su inda aka saba samowa, da baƙin mai har gwiwar hannu.

Okhonoon ya ci gaba da riƙe injinan har ta iso, sannan ya ce shi ya gama da wuta har abada, kamun kifi zai yi. Ya yi kwana tara yana kamun kifi. A rana ta goma da safe na gan shi ya wuce ta bayan gidan burodi ya shiga rumfa. Na bi shi da butar shayi. Na tarar Nariya ta kara kunne a jikin Na Biyu, shi kuma yana zaune a kan jarka, ya harɗe hannu.

"Akwai wani ƙara a ciki," ta ce. "Kawu Okhonoon, ka ji?"

"Ni ɗan fansho ne, ba na jin komai. Shayi na zo sha."

"Kamar daga wajen famfon mai."

"Ban ce komai ba."

Ta matsa wajen famfon mai. Ya yi gyaran murya. Ta koma baya kaɗan. Ya sake gyaran murya, da ƙarfi. Ta ɗora hannu a kan wani noti da ke ƙasan bututun ruwa, ya yi shiru. Ta laluba akwatin kayan aiki ba ta samu sifana daidai da shi ba. Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro lamba goma sha bakwai, ya miƙa mata.

"Yaya," na ce, "mai zuwa shan shayi ne ke yawo da sifana a aljihu?"

"Da ita nake juya sukari," ya ce. "Zuba mini."